Yadda jirgin Seaview ya tashi daga silima ya koma talabijin

Tambaya daga wani mai karatu:

"Assalamu alaikum Malam. Kwanan baya na ci karo da wani tsohon shirin talabijin na Amurka a intanet mai suna Voyage to the Bottom of the Sea, labarin wani jirgin ƙarƙashin teku. Daga baya na gano ashe asalinsa fim ne na silima. Abu biyu suka ɗaure mini kai. Ta yaya mutanen nan suka iya fitar da irin wannan aiki duk mako a shekarun 1960, lokacin da ba a haɗa hoto da kwamfuta? Kuma me ya sa farkon shirin yake da nauyi da ma'ana, amma da aka yi nisa sai ya koma dodanni zalla? Ina tambaya ne saboda ni ma ina da ɗan fim da na yi, abokan aikina sun dame ni in mayar da shi mai dogon zango. Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amin, na gode.

In na fahimce ka, kana son sanin yadda aka iya, da yadda abin ya taɓarɓare, sannan ko kai ma ka bi sahu. A ganina tambaya ta farko da ta biyu amsarsu guda ce. An iya yin shirin ne saboda kayan da suka fi cin kuɗi an riga an biya su tun lokacin fim ɗin. Wannan ɗabi'a ta juya abin da ke hannu ita ta haifi shirin, kuma ita ce daga baya ta cinye labarinsa. Ni aikina tace hoto ne da tsara jadawalin ɗauka, don haka ta wannan fuska zan duba maka lamarin.

Fim ɗin 1961

Irwin Allen ne ya shirya fim ɗin, shi ya ba da umarni, kuma shi da Charles Bennett suka rubuta labarin, a ƙarƙashin kamfanin 20th Century Fox. Allen ba baƙo ba ne a harkar teku, domin a 1953 ya ci kyautar Oscar da The Sea Around Us, fim ɗin ilimantarwa a kan rayuwar cikin ruwa. Mutum ne mai kunne ga abin da jama'a ke hira a kai, kuma a shekarun nan abin hira ya yi yawa. A 1958 jirgin sojan ruwan Amurka mai suna Nautilus, na farko mai tafiya da makamashin nukiliya, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. A shekarar ce kuma aka gano ɗamarar tururin maganaɗisu da ta kewaye duniya daga can sama, wadda aka sa wa sunan masanin kimiyya James Van Allen. A watan Janairun 1960 wasu mutum biyu suka nutsa da wani ƙaramin jirgi mai suna Trieste har wuri mafi zurfi a teku, a kwazazzabon Mariana.

Allen ya tattara waɗannan abubuwa uku ya ɗinka labari. Ɗamarar Van Allen ta kama da wuta, sama ta yi ja, duniya tana gasuwa. Admiral Harriman Nelson, wanda ya ƙera jirgin Seaview, ya ce mafita ita ce a harba makami mai linzami na nukiliya daga wajajen Mariana a daidai wani lokaci. Masana a Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙi yarda, shi kuwa ya kama hanya, ana farautarsa daga waje, ana yi masa zagon ƙasa daga cikin jirgin. A kimiyyance ɗamarar nan ba ta cin wuta, tunda babu iskar da wuta za ta ci a can. Amma 'yan kallo sun karɓi fim ɗin, ya kawo kuɗi. Walter Pidgeon ne ya fito a Nelson, Robert Sterling a Kyaftin Lee Crane, ga Joan Fontaine da Barbara Eden da Peter Lorre.

Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne abin da ya rage bayan an tashi daga aiki. An gina cikin jirgin da girman gaske: ɗakin sarrafawa da na'urorinsa, ɗakin makamai, lunguna, da hancin jirgin mai tagogin gilashi. An ƙera ƙananan samfuran jirgin. An ɗauki hotuna masu yawa na jirgin yana nutsewa, yana tasowa, yana ratsa ƙanƙara. Allen bai bari an wargaza komai ba, aka adana.

Halin da kamfanin yake ciki

Kana buƙatar sanin wannan don ka gane dalilin da ya sa aka waiwayi kayan. A farkon shekarun 1960 Fox ya shiga mawuyacin hali. Fim ɗin Cleopatra, wanda ya fito a 1963, ya lashe kuɗin da ya kusa durƙusar da kamfanin. Sun sayar da makeken filin da suke gina garuruwan fim a kai, wurin da yanzu ya zama unguwar Century City a Los Angeles. Darryl Zanuck ya dawo ya karɓi ragama a 1962, ya ɗora ɗansa Richard a kan shirya finafinai, William Self kuma yana riƙe da sashen talabijin. Ga ɗakunan ɗauka a zaune, ga ma'aikata, ga rumbun tsofaffin finafinai, kuɗin shiga kuwa babu. Talabijin ce ke iya ba kamfani aikin yi duk mako.

Shi ya sa a watan Satumban 1964 Fox ya fitar da shirye-shirye har uku a tashar ABC waɗanda duk daga finafinansa aka ciro su: Peyton Place, da 12 O'Clock High, da wannan namu. Tashar talabijin tana son suna wanda jama'a suka riga suka sani, domin shi ya fi sauƙin tallatawa ga masu ba da talla. Allen kuma ya je musu da abin da babu furodusan da zai iya kawowa a farashin talabijin: jirgi ginanne, da hotunansa a gwangwani. Shirin ya fara fita ran 14 ga Satumba 1964, ya ƙare ran 31 ga Maris 1968. Zango huɗu, kashi 110. Zangon farko kashi 32 ne baƙi da fari, sauran 78 masu kala.

Abin da dole aka sauya

Kaya suna gaduwa, amma labarin fim ba ya gaduwa haka nan, domin fim an gina shi ne ya ƙare. An harba makami, wuta ta mutu, shi ke nan. Shiri mai dogon zango yana buƙatar abin da zai riƙa haifar da labari ba tare da ya ƙare ba, kuma a nan ne aka yi aikin hankali.

Da farko an gyara zaman jirgin. Seaview na wata cibiyar binciken teku ce ta Nelson da ke Santa Barbara a Kalifoniya. A fili jirgin bincike ne, a ɓoye kuma gwamnati na tura shi ayyukan sirri, yana ɗauke da makaman nukiliya. Da wannan kaɗai marubuci ya samu ƙofa biyu: mako guda masanin kimiyya ya hau jirgin da gwajinsa mai haɗari, mako na gaba ɗan leƙen asiri ya saje da ma'aikata. Jirgin kuma gida ne mai tafiya. Ɗakunan ba sa canzawa, don haka ba a sake gini, amma duk mako ana iya cewa an isa wata sabuwar duniya.

Na biyu, an gyara tsakanin manyan mutanen biyu. A fim Crane yana shakkar hankalin Nelson, har abin ya kusa zama tawaye. Wannan ba zai ɗore shekara huɗu ba. A shirin sai aka mayar da su aminai masu girmama juna amma kowa da abin da ya sa a gaba: Nelson yana son ya san abin da ke can ƙasa ko da akwai haɗari, Crane yana tunanin rayukan mutanen da ke ƙarƙashinsa. Irin wannan saɓani ba ya tsufa, domin kowannensu yana da gaskiya. A kashin farko, "Eleven Days to Zero", wanda Allen ya ba da umarni da kansa, an kashe kyaftin ɗin jirgin na asali a wani hari, aka aro Crane daga rundunar sojan ruwa. Ka ga mai kallo ya shiga jirgin tare da baƙo, yana koyon wurin tare da shi.

Jarumai ma an sauya. Richard Basehart ya karɓi Nelson. Ɗan wasa ne mai nauyi, wanda ya yi aiki da darakta Fellini a Italiya a fim ɗin La Strada, ya kuma fito a Moby Dick na 1956. David Hedison ya zama Crane. Ya taɓa aiki da Allen a The Lost World na 1960, an ma nemi ya fito a fim ɗin 1961 ya ƙi, sai da ya ji Basehart na ciki ya amince da shirin. Del Monroe, wanda ya fito a ƙaramin matuƙi a fim ɗin, ya biyo jirgin ya zama Kowalski. Ni a wajena ɗaukar Basehart ita ce shawara mafi kyau da aka yanke a shirin baki ɗaya. In ya tsaya gaban tagar nan ya ce akwai wani abu a waje, muryarsa da fuskarsa suna sa ka yarda tun kafin a nuna maka.

Yadda ake ɗaukar jirgin

Yanzu ga tambayarka ta kwamfuta. Babu wani jirgin ƙarƙashin teku na gaske mai suna Seaview da aka ƙera aka shigar teku don wannan aiki. Samfura ne, kuma L. B. Abbott, shugaban sashen dabarun hoto na Fox, shi ke kula da su. Akwai mai tsawon kusan ƙafa 4, da mai ƙafa 8, da babban da ya kai ƙafa 17 da ɗoriya. Matsakaicin an fi amfani da shi a ƙarƙashin ruwa cikin tanki, babban kuma don saman ruwa.

Me ya sa za a wahala a ƙera mai ƙafa 17, alhali ƙarami ya fi sauƙin ɗauka? Saboda ruwa ba ya ƙanƙancewa. Kana iya rage jirgi yadda ka ga dama, amma ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne. In ƙaramin samfur ya fantsama ruwa, ɗigo guda zai kai girman ƙofar jirgin, ido kuma nan take zai gane abin wasan yara ne. Gwargwadon girman samfur, gwargwadon yadda kumfa da igiyar ruwa za su yi daidai da shi.

Dabara ta biyu ita ce saurin kamara. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa guda. Ƙaramin abu yana faɗuwa ya gama cikin ƙiftawar ido, babban abu kuwa ido ya saba ganinsa yana ɗaukar lokaci. Don haka sai a ɗauki samfurin da sauri fiye da kima, in aka haska shi da saurin da aka saba, komai ya yi nauyi. Akwai lissafinsa. A ce samfurin kashi ɗaya ne cikin 25 na girman da ake son nunawa. Sai ka nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 25, wato 5. Ka ninka 24 sau 5, ka samu hoto 120 a daƙiƙa. Abin da ya faru cikin daƙiƙa guda a tanki zai ɗauki daƙiƙa biyar a allo. Amma saurin kamara yana rage hasken da ke shiga kowane hoto, don haka dole a ƙara fitilu sosai. Ka koma ka dubi fitowar nan da jirgin yake ɓullowa daga ruwa tsakanin ƙanƙara, hancinsa a sama, ya tsaya kamar ba zai sauko ba, sannan ya faɗo ruwa ya dare biyu. Nauyin da kake ji a jikinka daga wannan lissafin ya fito. Irin wannan aiki a shirin ya jawo wa Abbott Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka.

A cikin jirgi kuwa dabarar ta fi haka sauƙi. In an ce wani abu ya bugi jirgin, ɗakin ba ya motsi ko kaɗan, a kafe yake a ƙasa. Mai kamara ne yake karkatar da ita gefe, 'yan wasa kuma su kwasa da gudu su faɗa ɗaya ɓangaren, sannan a juya. Ana buga bokitin ƙarfe don kowa ya san lokacin da zai faɗi, a tayar da tartsatsin wuta daga na'urori, a saki hayaƙi, daga baya a ɗora ƙara. Wahalar tana wajen haɗa kai: in mutum ɗaya ya faɗi hagu saura suka faɗi dama, an ɓata, sai an sake. Na sha amfani da irin wannan a fitowar mota, motar tana tsaye, ana jijjiga ta daga baya, ana wuce da reshen bishiya ta gaban fitila don inuwa ta riƙa gilmawa a fuskar direba. In sauti ya zauna daidai, mai kallo ba ya tambaya.

Sai dai in faɗa maka iyakata. Ƙera samfuri da ɗaukarsa cikin ruwa sana'a ce mai zaman kanta, ba tawa ba ce. Wayoyin yanzu da dama suna ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, don haka kana iya gwada lissafin nan da kanka, amma ruwa da wuta sai da wanda ya ƙware, musamman wuta.

Tsohon hoto a sabon labari

Kashi guda na awa ɗaya ana ɗaukarsa ne cikin kusan mako guda. Babu yadda za a yi a shiga tanki duk mako a sake ɗaukar jirgi yana nutsewa. Sai a ɗauko na gwangwani. Wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take, kuma duk editan shiri mai dogon zango yana da rumbunsa: gaban gida, titi, faɗuwar rana. Matsala ɗaya da suka fuskanta ita ce fim ɗin an ɗauke shi da faffaɗan hoto na CinemaScope, allon talabijin na lokacin kuwa kusan murabba'i ne, don haka sai an yanke gefe da gefe.

Allen bai tsaya a hotunan jirgi ba. A zangon farko akwai kashi mai suna "Turn Back the Clock", inda aka gina labarin kacokan a kan hotunan The Lost World. Tunda Hedison yana cikin wancan fim ɗin, sai aka sa masa kaya irin waɗanda ya sa a can, aka dawo da Vitina Marcus wadda ita ma ta fito a ciki, aka ɗauki sababbin fitowa na kusa, aka saƙa su da tsofaffin na nesa masu ƙadangarun da aka yi wa ado su zama dabbobin zamanin da. A zango na biyu kuma aka yi "The Sky's on Fire", wanda labarin fim ɗin 1961 ne aka sake, da jan samansa da komai.

A matsayina na edita ina jinjina wa wannan aiki, domin na san wuyarsa. Kafin tsohon hoto ya zauna da sabo, sai haske ya zo daga gefe ɗaya, sai inda ɗan wasa yake kallo ya dace da inda abin yake, sai tufafi sun yi daidai har maɓalli. An taɓa kawo mini wani aiki in tace, an ɗauki gaban gidan da hunturu, hazo ya rufe sama, bishiyar ƙofar gida ta kaɗe. Cikin labarin kuwa damina ce, jarumar ta shigo da lema a jiƙe. Hoton gaban gidan daƙiƙa uku ne kacal, amma ya isa ya fitar da mai kallo daga labarin. Sai da muka nemi a koma a ɗauko wani.

Amma ka lura da abin da ya faru a "Turn Back the Clock". Ba labari ne ya nemi hoto ba, hoto ne ya nemi labari. An ce wa marubuci ga abin da muke da shi, ka rubuta abin da zai kai mu gare shi. Sau ɗaya ko biyu wannan wayo ne. In ya zama hanyar aiki, to an fara gangara.

Daga leƙen asiri zuwa dodanni

Zangon farko ya fito shekara biyu bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, lokacin da tsoron yaƙin nukiliya yake a zuciyar kowa. Labaransa da yawa na Yaƙin Cacar Baka ne: maƙiya daga wata ƙasa da ba a ambata ba, wanke ƙwaƙwalwa, na'urar da ta kusa harba makami bisa kuskure. Akwai dodanni tun a lokacin, amma jefi-jefi. Baƙi da fari ma ya taimaka, domin inuwa tana ɓoye aibin kaya, tana kuma ƙara ƙuncin lungunan jirgin. Manyan 'yan wasa irin su Robert Duvall da Leslie Nielsen sun fito baƙi a ciki.

A 1965 abubuwa da dama suka sauya lokaci guda. An koma kala. An gyara jirgin, tagogin hancinsa suka ragu daga takwas zuwa huɗu, aka haɗe ɗakin sarrafawa da hancin, wanda ya ba darakta damar ɗaukar umarni da abin da ake gani a waje a wuri ɗaya. Aka ƙaro ƙaramin jirgi ruwan ɗorawa mai fita daga cikin babban, yana nutso yana kuma tashi sama. Howard Lydecker, gwanin tafiyar da samfura a kan siraran wayoyi, ya yi aikin tashinsa, kuma har yau hotunan suna da kyau. Henry Kulky, wanda yake fitowa a shugaban ma'aikata, ya rasu a farkon shekarar, Terry Becker ya shigo a matsayin Sharkey. An ma gwada sauya kiɗan buɗewa na Paul Sawtell da wani na Jerry Goldsmith a kashin farko na zangon, sannan aka koma na da.

Sauyin da ya fi tasiri shi ne na lokaci. An ɗauke shirin daga daren Litinin aka kai shi Lahadi da ƙarfe bakwai na yamma, lokacin da yara suke gaban talabijin. Yaro ba ruwansa da makircin ƙasashe, dodo yake so ya gani. Ga kuma lissafin kuɗi. Labarin leƙen asiri yana buƙatar fita waje, da sababbin ɗakuna, da baƙin 'yan wasa da yawa. Labarin dodo kuwa mutum ɗaya ne cikin rigar roba yana bin ma'aikata a lungunan da aka riga aka gina. Kala ta ƙara tsadar aiki, don haka dole a rage a wani wuri. Sannan hankalin Allen ya rabu: Lost in Space ya fara a 1965, The Time Tunnel a 1966, har ya zama yana riƙe da shiri uku lokaci guda, rigar dodon da aka sa a wannan sai a sake mata fenti a kai ta wancan.

Zuwa zango na uku da na huɗu an ga mutum mai rikiɗa kyarkeci, da gawar Masar ta da mai tafiya, da fatalwar ɗan fashin teku, da 'yan tsana masu rai a kashin da Vincent Price ya fito. Mata kusan sun ɓace daga shirin gaba ɗaya. Wani abu ya shiga jikin Crane ko Nelson ya juya masa hankali, a yi ta faɗa a ɗakin na'urori, wuta ta yi tartsatsi, a ƙarshe a fatattaki abin, mako mai zuwa a sake. Ba na cewa duk na baya banza ne. "The Phantom Strikes" na zango na biyu, labarin fatalwar wani kyaftin ɗin jirgin yaƙin Jamus, yana da kyau ƙwarai, domin tsoron a cikin mutane yake, ba a cikin roba ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne suna da 'yan wasa biyu da za su iya ɗaukar kowane irin nauyi, da saɓanin da na faɗa maka wanda ba ya ƙarewa, amma aka bar su suna gudu a lungu. Ta fuskar kasuwa kuwa lissafin ya ci: shirin ya haura kashi 100, adadin da ke sa a iya sayar wa ƙananan tashoshi su yi ta maimaitawa kullum, kuma ta haka ya zagaya duniya har ya iso gare ka.

Naka fim ɗin

Kada ka ɗauki lissafin Amurka na 1964 ka ɗora a kan namu kai tsaye. Su tasha ce take biyan kuɗi kafin a ɗauka, kamfani kuma yana da ɗakunan ɗauka na kansa. Kai wataƙila daga aljihunka za ka fara, kana jiran abin da YouTube ko wata tasha za ta kawo, gidan da kake ɗauka kuma na aro ne. Ban ga fim ɗinka ba, don haka ba zan ce maka yi ko bari ba. Amma ga abin da zan duba in ni ne.

Ka fara da tambayar me fim ɗin ya bar maka wanda ba sai ka sake biya ba. In gida ne, ka tabbata mai shi zai bar ka shekara guda ko fiye, kuma a rubuce, domin ranar da ya sake fenti ko ya sa haya, rumbun hotunanka ya tashi aiki. In jarumai ne, ku yi yarjejeniya tun yanzu a kan zango gaba ɗaya, kuma ka rubuta labarin yadda in ɗaya ya tafi, ko aure ko tafiya ko rashin lafiya, ginin ba zai rushe ba.

Sannan ka dubi ƙarshen fim ɗin da idon basira. In labarin na wane zai auri wance ne kuma an ɗaura, ko na wa ya yi kisa ne kuma an kama shi, to ja kawai za ka yi, masu kallo kuma suna gane ja tun daga kashi na uku. Abin nema shi ne wuri da mutane suke shigowa da matsalolinsu da kansu, kamar asibiti ko tasha ko kotu ko shago, da mutum biyu waɗanda dole su zauna tare alhali ba su ga duniya iri ɗaya ba.

Gwajin da nake ba duk wanda ya zo mini da wannan magana shi ne ya zauna ya rubuta labarin kashi goma sha uku, kowanne a layi biyu, ba tare da ya maimaita matsala ba, kuma ba tare da ya kawo aljani ko mantuwar ƙwaƙwalwa ko ɓoyayyen ɗa don ya cike gurbi ba. In ka kai goma sha uku cikin sauƙi har da ragowa, ka kira abokan naka ku fara tsara jadawali. In ka maƙale a na biyar, ka bar fim ɗin yadda yake, ka ɗauki kayan aikin da jaruman ka rubuta musu sabon labari wanda tun farko aka gina shi don dogon zango.